Sai Wani Ya Karɓa

Ni tela ce, ba marubuciya ba. Shekara talatin da huɗu ina taka keke a shago ɗaya, kuma bangon bayan shagona shi ne bangon ɗakin da zan ba ku labarinsa. Bulo ɗaya ne tsakaninmu, ga 'yar kafar shan iska a sama. Don haka kada wani ya ce tsohuwa ta bi gari tana tsintar gulma. Ina zaune a kan kujerata maganar take shigowa ta same ni. Na yi shiru har shirun ya fara ci mini ƙirji, shi ya sa na ajiye almakashi na ɗauki biro.

Abin da na fi ji ta bangon nan ƙirga ce. "Ɗaya, biyu, uku." Sai nishi, sai ƙarar gado. Sau shida a yini, wata rana bakwai. Auta ce, ƙaramar 'yar gidan, take ɗaga mahaifiyarta daga gado zuwa kujerar bahaya, ko daga kujerar zuwa gado. Shekara huɗu ke nan ɓarin jikin Mama na dama a shanye. Bakinta ma ya tafi, kalma ɗaya ta rage mata, "to". Da ita take gaisuwa, da ita take godiya, da ita take kuka. Kuma Mama mace ce da Allah ya hore wa jiki, ta kusa yin biyun Auta.

Na sha ganin yadda ake ɗagawar. Auta za ta zaunar da ita a bakin gado, ta sauko da ƙafafun, ta tokare gwiwar da ta mutu da tata gwiwar don kada ta zame. Ta ɗora hannun Mama mai lafiya a wuyanta, ta zura nata hannuwan ta ƙarƙashin hammata, ta sarƙe yatsu a baya. Sai ta manna cikinta da na uwar, ta ƙirga. A kan "uku" take miƙewa da ita, ta yi rabin juyi, ta dire ta. Duk nauyin a ƙugu da mara yake sauka.

Ranar da kayan nan ya hau kanta ina wurin, har da sa hannuna. Kwana biyu kafin Baba ya rasu ya tara 'ya'yansa huɗu, ya aika aka kira ni in zama shaida. Ya sa aka ɗauko babban Littafinsa Mai Tsarki, wanda a shafin farko yake rubuta sunan duk jaririn da aka haifa a zuriyarsa da ranar haihuwarsa. A ƙarƙashin sunayen ya sa aka rubuta layi uku. Na fari, za su riƙe uwarsu wata uku-uku, bi da bi. Na biyu, hannun baƙo ba zai wanke ta ba. Na uku, wanda take hannunsa ba zai sake ta ba sai wani ya zo ya karɓa. Suka ɗora hannu huɗu a kan shafin, suka ce sun ɗauka a gaban Allah. Baba ya yi haka ne don kada matarsa ta wayi gari ba kowa a kanta. Bawan Allah bai san ƙofa yake kullewa da 'yarsa a ciki ba.

Yaya Babba, ɗan fari, wanda yake dattijo a ikilisiyarmu, shi ya raba watannin.

"Auta ta fara," in ji shi, "tunda ita ba ta da hidimar yara."

Ya faɗa kamar alheri yake yi mata. A lokacin shekararta takwas da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ta sunkuyar da kai ta amsa. Ita da mijinta, direban babbar mota da yakan yi mako biyu a hanya, suka saki ɗakinsu na haya suka tare a gidan, wai na wata uku. Ta ɗauki hutu a kantin maganin da take aiki.

Da wata ukun ya cika ta wanke kayan Mama, ta goge, ta jera a wata shuɗiyar jaka, ta ajiye a bakin ƙofa. Yaya Babba ya bugo waya ya ce ana yi wa gidansa gyaran rufi, ta ɗan ƙara haƙuri. Ta zazzage jakar. Bayan wata uku ta sake shiryawa. Wannan karon hawan jinin matarsa ne ya tashi. Malama, yayarta mace, shugabar wata makaranta, ta ce ita ba za ta tsallake Yaya ba, layi layi ne. Injiniya, na ukunsu, ya ce ai shi ne na ƙarshe a jerin, in na gabansa sun yi nasu ko a ka zai ɗauki Mama. Kun ga amfanin ladabi ke nan. Kowa ya laɓe a bayan na gabansa, na gaban kuma ya laɓe a bayan Allah. Masu kantin magani suka gaji da jira suka ɗauki wata a madadinta. Zik ɗin jakar nan sau biyu ina canja shi, alhali ba ta taɓa tsallake ƙofar gidan ba.

Kada in ɗauki alhakinsu, suna zuwa. Ranar Lahadi bayan sujada za ka gan su da lemo da ayaba a leda, cikin kayan da suka sha guga. Su kewaye gadon, su raira waƙa ɗaya, su yi addu'a mai tsawo, su fita kafin lokacin kujera ya yi. Kullum da safe kuma Yaya Babba yana turo aya a zauren 'yan gida da suka buɗe a waya, sauran su bi da amin, amin.

A shekara ta biyu Auta ta yi ƙarfin hali ta tare shi a tsakar gida, ina tsaye ina taya ta matse zannuwa.

"Yaya, yaushe za ka karɓa? Na gaji."

Ya yi murmushin nan nasa na masu wa'azi. "Auta, kin san ciwonki? Kin ɗora idonki a kan mutum. Littafi kuwa ya la'anci wanda ya jingina da ɗan Adam. Ni wane ne? Numfashi ne kawai a hancina. Ki ɗaga idonki sama."

Ta ɗaga kuwa. Abin da ke sama igiyar shanya ce, cike da zannuwan gadon Mama.

Sai ga ikon Allah. A shekara ta goma sha ɗaya da aurenta ta shigo shagona wata safiya da riguna biyu a hannu, ta ce in buɗe musu ƙugu. Na dubi rigunan, na dube ta. Ta rufe fuska da tafin hannu tana dariya, hawaye na bi ta tsakanin yatsunta. Ban san sa'ar da na tashi na taka rawa a tsakanin yadikan mutane ba, da wannan gwiwar tawa. A ranar na buɗe rigunan, ban karɓi komai ba.

Murnar ba ta yi wata ba. Da ta je awo likita ya ce bakin mahaifarta ba shi da ƙarfi. Kada ta ɗaga ko bokitin ruwa, in ba haka ba cikin ba zai zauna ba. Ta ce masa tana ɗaga mutum sau shida a yini. Ya cire tabarau ya dube ta, sannan ya rubuta maganar a takarda ya buga hatimi, don ta nuna wa 'yan gida.

Lahadin da ta biyo Direba, mijin nata, yana gari. Suka tsayar da yayyen a falo, Auta ta aiko aka kira ni, tunda ni ce shaida. Ƙofar ɗakin Mama a buɗe take.

"Yaya, ga takardar likita," in ji Direba, ya miƙa da hannu biyu. "Ba mu ce a sauke mana gaba ɗaya ba. Wata biyar muke roƙo, har ta sauka lafiya."

Malama ta karɓa ta karanta, ta taɓe baki. "Likitocin yanzu da tsoratarwa. Ni da cikin tagwaye nake hawa bene hawa uku da littattafan yara a hannu. Ga su nan sun fi ni tsawo."

Injiniya bai ɗaga ido daga wayarsa ba. "Ni dai duk abin da manya suka yanke."

"To a bar ni in samo mai jinya," in ji Direba. "Mace mai hankali. Ta riƙa ɗagawa kawai, Auta ta yi wankan."

Yaya Babba ya jawo Littafin Baba daga kan tebur, ya buɗe shafin farko, ya ɗora yatsa a layi na biyu. "Hannun baƙo. Yau ɗagawa, gobe wanka. Kai ba ka ɗora hannu a nan ba, suruki, shi ya sa ba ka san nauyinsa ba. Ba za a shigo da baƙuwa ta juya uwarmu ba muna raye."

"In haka ne zan ɗauke matata."

Yatsan ya sauko layi na uku. "Ɗauke ta, ba wanda ya riƙe ka. Amma ita ta san abin da ta faɗa a gaban Allah, a gaban ubanta yana kan gargara. Littafi ya ce wanda zai tsaya a gaban Ubangiji shi ne mutumin da in ya rantse ba ya ja da baya, ko da rantsuwar za ta cuce shi. Alkawari kaya ne."

Auta na zaune a gefe. Hannunta na kan cikinta. Sai ta ɗago.

"Yaya, ina da tambaya, don ban kai ka karatu ba. In na ce ka cika naka, sai ka ce Littafi ya hana ni dogara ga mutum. In na ce zan ajiye nawa, sai ka ce Littafi ya hana saɓa alkawari. To alkawarin mutum abin riƙewa ne ko ba abin riƙewa ba ne? Littafin ne yake magana biyu?"

"Kul!" Ya rufe Littafin da ƙarfi. "Kada ciki ya sa ki yi saɓo. Waɗannan abubuwa ba da kai ake gane su ba, da ruhu ne. Wanda ya ba ki cikin nan bayan shekara goma sha ɗaya, shi ne zai kasa riƙe shi don kin yi wa uwarki hidima? Ina bangaskiyarki?"

"Amin," in ji Malama.

"Mu yi addu'a," in ji shi. Aka kama hannun juna. Ni ban rufe ido ba, kuma ban ce amin ba, amma ban yi magana ba. Wannan shirun yana cikin abubuwan da zan amsa tambaya a kansu.

Direba ya ɗauki hutun mako biyu ya yi ɗagawar da kansa. Da hutun ya ƙare aka ce ya dawo ko a ba wani motar. Kafin ya tafi ya samo wata mata a ɓoye, ƙaƙƙarfa, mai fara'a. Kwana huɗu ta yi. Ranar Laraba Malama ta biyo ta gidan, ta tarar da ita, ta kore ta da kanta. Wai so ake a ce mace mai 'ya'ya huɗu an ɗaukar mata 'yar aiki, a kunyata su a coci. Direba ya roƙi Auta a waya ta koma wurin ƙanwarsa ta huta.

"In na fita wa zai shigo?" ta ce masa. "Na ɗora hannuna a Littafin nan, ina jin tsoro. Kuma ko ban ɗora ba, uwata ce."

Daga nan muka yi tsari. In lokacin kujera ya yi za ta bubbuga bangon sau uku, in rufe shago in zo. Amma kafaɗata ta dama keke ya gama da ita tuntuni, iyakacina in kama ƙafafu. Nauyin yana nan inda yake. Na ga tana cije leɓe bayan kowace ɗagawa, tana dafa bango kafin ta iya miƙewa. Ƙafafunta suka kumbura. Ta daina dariya, ta daina sauraron rediyo, ta koma tafiya a hankali kamar mai ɗauke da kwanon da ya cika da ruwa.

Wani mako na lura bugun bangon ya ragu. Daga shida ya koma huɗu, daga huɗu ya koma biyu. Ni da wautata har murna nake yi. A rana ta uku Auta ta buga da tsakar rana, na shiga na tarar da ita a durƙushe gaban gadon da kofi a hannu. Leɓen Mama ya bushe ya tsage, ta dantse haƙora.

"Gwaggo, ba ciwo ba ne," in ji Auta. "Da gangan take yi. Ta ji abin da aka faɗa a falo. Ba ta son ta sha ruwa don kada in ɗaga ta."

Na zauna a bakin gadon.

"Mama, don girman Allah ki sha. Kada ki sa in zaɓa tsakaninku."

Mama ta miƙo hannunta mai lafiya ta ɗora a kan cikin Auta. Ta daɗe a haka. Hawaye ya gangaro ta gefen fuskar da ta karkace. "To," in ji ta. Amma ba ta buɗe baki ba sai da Auta ta ajiye kofin ta rantse ita ma ba za ta ƙara shan komai ba. Sannan ta kurɓa sau biyu.

Ranar Alhamis Yaya Babba ya tsayar da mota a ƙofar shagona, ya zo karɓar rigar da na ɗinka masa. Taku goma ne zuwa ƙofar gidan ubansa, amma ba shi da niyyar shiga. Na ɗora hannu a kan ledar.

"Zauna. Ni na goya ka ranar da uwarka ta je haihuwar Malama, har ka yi mini fitsari a baya. Yau za ka saurare ni."

Ya zauna yana dariyar yaƙe.

"Tambayar da Auta ta yi maka na yi ta juya ta. Karatuna bai kai naka ba, amma ban ga magana biyu a Littafin nan ba. Ayar da ta ce kada a jingina da mutum, an rubuta ta ne don wanda aka yaudara ya san yana da wurin faɗuwa. Ba a rubuta ta don mai yaudarar ya samu ƙofar fita ba. Ayar rantsuwa kuwa kowa kansa zai karanta wa, ba ƙanwarsa ba. Kai ka ɗauki wadda aka rubuta maka ka miƙa mata, ka ɗauki tata ka yafa. Yadi ɗaya ne, ka yanka wa kanka riga mai yalwa, ka yanka mata wadda ba ta iya numfashi a ciki. Allah da kake cewa ta dogara gare shi, shi da kansa alkawari yake yi ya cika. In zai ɗaga uwarka daga gado, da hannun wa kake so ya ɗaga ta?"

"Gwaggo, kin tsufa, bakinki bai tsufa ba."

"Uwarka ta daina shan ruwa."

Na gaya masa abin da na gani. Ya kalli ƙasa. Har yau ina ganin a wannan lokacin maganar ta taɓa shi da gaske. Ya tashi ya tsaya ƙarƙashin kafar shan iskar, ya ɗaga murya.

"Auta! Asabar, ƙarfe goma, zan zo da mota. Ki shirya ta."

Ta cikin bangon na ji an ce, "Na gode, Yaya." Na ji wata muryar kuma ta ce, "To."

Asabar tun da sassafe na shiga. Muka yi wa Mama wanka, Auta ta sa mata rigar da ta fi so, ta shafa mata mai. Mama don murna ta sha shayi kofi biyu, ta ƙara da ruwa, abin da ta daɗe ba ta yi ba. Shuɗiyar jaka tana bakin ƙofa. Goma ta yi. Sha ɗaya ta yi. Wata mata tana jirana a shago da ɗinkin gaggawa.

"Je ki, Gwaggo," in ji Auta. "Yaya yana hanya. In ya zo shi zai ɗauke ta."

Na tafi. Ni da na yi wa mutum wa'azi shekaranjiya, ni ma da maganarsa na jingina.

Daga baya na ga saƙon da ya turo mata sha biyu da rabi. Wai taron gaggawa na dattawa ya taso, aikin Ubangiji ya riƙe shi, mako mai zuwa ba fashi. A ƙarƙashi ya liƙa aya a kan ladar masu jiran Ubangiji. A daidai lokacin shayin nan ya nemi hanya. Mama ta daure iyakar daurewa. Auta ta bubbuga bango sau uku, ta sake bugawa. Kekena yana gudu, ban ji ba.

Zare ne ya ƙare mini. Na tsayar da keken in sa wani, sai na ji muryarta.

"Ɗaya, biyu..."

Na saurara in ji "uku". Ban ji ba.

Ni da mai ɗinkin muka ruga. Mun same ta a tsaye a tsakanin gado da kujera, ta yi rabin juyin ta kasa ƙarasawa. Mama na rataye a wuyanta. Jini yana bin ƙafarta, ya taru a kan siminti. Ba ta iya gaba, ba ta iya baya, kuma ba ta saki ba. Yatsunta na nan a sarƙe a bayan uwarta. Ta juyo da ido ta dube ni.

"Gwaggo, karɓi."

Muka karɓa. Sai a lokacin ta zube.

Namiji ne. Wata biyar da 'yan kwanaki. Kwananta biyar a asibiti.

Ku ji abin da ya fi ci mini rai. A yammacin Asabar ɗin nan Injiniya ya zo da masu jinya biyu cikin fararen kaya, ɗaya ta rana, ɗaya ta dare. Su suka ɗaga Mama, su suka yi mata wanka. Na tambayi Yaya Babba ina labarin layi na biyu. Ya ce ai doka don mutum aka yi ta, ba mutum don doka ba, kuma Allah zuciya yake duba. Malama ta ce larura ce. Ashe ayar tana nan a Littafin tun tuni, ba a dai buƙace ta ba sai da nauyin ya nufo su. Ranar da aka sallami Auta daga asibiti, a ranar aka sallami masu jinyar. Direba ya riga ya nemi ɗaki a wata unguwa, ya rantse ba za ta sake kwana a gidan ba. Ta ce ya biya da ita ta ga Mama kawai. Suka tarar da ita ita kaɗai, zanen gadon a jiƙe, tana kallon ƙofa. Auta ta ajiye ledar magungunanta ta naɗe hannun riga.

Lahadi suka zo yi mata jaje, da lemo da ayaba. Aka taru a ɗakin Mama. Yaya Babba yana sanye da rigar da na ɗinka masa. Ya ɗauko Littafin Baba zai karanta wani abu na ta'aziyya.

"Buɗe shafin farko, Yaya," in ji Auta.

Ya dube ta.

"Baba ya ce duk wanda ya zo a zuriyar nan a rubuta shi a nan. Kai ne babba. Rubuta nawa." Ta miƙa masa biro. "Namiji ne. Ka sa ranar, Asabar ɗin da ka ce."

Bai karɓi biron ba. "Auta, ba a rubuta wanda bai yi numfashi ba. Ki yi haƙuri. Ubangiji ne ya ba ki, shi ne kuma ya karɓa."

"Haka ne," in ji ta. "Shi kaɗai ne ya taɓa zuwa gidan nan ya karɓi wani abu daga hannuna."

Ba wanda ya ce amin. Malama ta shiga binciken jakarta. Injiniya ya ce zai duba motarsa. Yaya Babba ya ajiye Littafin, ya ce ana jiransa, ya sunkuya zai yi wa Mama sallama. Sai hannun nan mai lafiya ya cafke masa wuyan riga.

Ban san akwai sauran ƙarfi haka a jikinta ba. Ta jawo shi har fuskarsa ta kusa taɓa tata. Da ido take nuna masa shuɗiyar jakar da har yanzu take bakin ƙofa. "To," take cewa. "To. To." Kowa a ɗakin ya gane abin da take roƙo. Ya ce, "Mama, sake ni, zan dawo." Ba ta sake ba. Sai ya kama hannun uwarsa ya shiga ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, har ya gama da biyar ɗin. Ya gyara wuyan rigarsa, ya tsallake jakar, ya fita.

Auta ta jawo Littafin ta rubuta da kanta. Jaririn ba shi da suna, sai ta rubuta "ɗan Auta" da ranar. Wurin ya yi kaɗan, rubutun ya gangaro ya taɓa layi na farko na alkawarin. Sa hannu huɗu na ƙasa, nawa na biyar.

Na san ba a gidan nan kaɗai ake yin haka ba. A gidaje da yawa akwai wata Auta, wadda aka zaɓa don ba ta da yara, ko ba ta da miji, ko ba ta da baki. Sauran suna turo mata aya da safe. Ku masu turowa, kafin ku danna, ku duba ko ayar taku ce kuka aika wa wani. Littafin bai ci amanar kowa ba, ku kuka ci, kuma kun sa shi a gaba don kada a ga fuskarku. Laifi tudu ne, ni ma na ga nawa: na yi shiru shekara uku, na yi magana rana ɗaya, na koma kan kekena.

Direba ya koma hanya. Likita ya ce Auta ta yi mako shida ba ta ɗaga komai ba, ta yi kwana tara. Yanzu da hannu nake juya keken a hankali, don in ji bugun bango. Ƙirgar ta dawo sau shida a yini, har "uku".

Jiya ta shigo mini da rigunan nan biyu, ta ce in mayar musu da ƙugu yadda suke a da. Suna nan a kan tebur tun jiyan. Na zura zare a allura, na kasa sokawa.